Ƙarin Jini: A Lura Da Minti 15 Na Farko

Wata shugabar ma'aikatan jinya ta yi wa sababbin nas-nas jawabi a kan ƙarin jini. Ga abin da ta faɗa, domin masu zaman jinyar 'yan'uwansu a asibiti su ma su amfana.

Ta ce jini magani ne wanda ba a yin sa a masana'anta, sai dai mutum ya ba mutum. Da shi ake ceton matar da ta zubar da jini wajen haihuwa, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, da mai ciwon sikila, da wanda ya yi haɗarin mota. Amma in aka yi sakaci, jinin da aka ɗaura don ceto shi ne zai yi kisa.

Dalili kuwa, jinin mutane ba iri ɗaya ba ne. A shekarar 1901 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano cewa jini rukuni-rukuni ne. Manyan rukunan guda 4 ne: A, B, AB da O. Kowane rukuni yana ɗauke da alamar tarawa ko ta ɗebewa. Uwa da ɗanta ma suna iya bambanta. In aka sa wa mai rukunin O jinin rukunin A, jikinsa zai yaƙi baƙon jinin ya farfasa shi. Daga nan ƙoda tana iya tsayawa, rai ya salwanta.

Saboda haka ta ce kada a ɗaura jinin da bai bi ta ɗakin gwaji ba. A can ake gwada shi da na majinyaci a ga ko sun dace. A can kuma ake bincika shi don ƙanjamau, da ciwon hanta iri B da C, da tunjere.

Ta ja kunnensu a kan musayar suna. A ɗaki ɗaya ana iya samun Hauwa biyu ko uku. Don haka kafin a ɗaura leda, nas ta tsaya a bakin gado tare da abokiyar aikinta. Su tambayi majinyaciya cikakken sunanta, ita ta faɗa da bakinta. Su duba lambar katinta, da rukunin jinin, da lambar ledar, da ranar da jinin zai lalace. In abu ɗaya ya saɓa, a mayar da ledar.

Jini yana zama a firjinsa na musamman, sanyi digiri 2 zuwa 6. In an fito da shi, a fara sa shi cikin minti 30, a gama cikin awa 4. Kada a shanya shi a rana ko a tsoma shi a ruwan zafi wai don ya yi ɗumi. Kada kuma a zuba wani magani a cikin ledar.

Ta ce mummunar illa ta fi nuna kanta a minti 15 na farko. A lokacin nan jinin ya riƙa ɗiga a hankali, nas kuma ta kasance kusa. Ta auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini da numfashi kafin a fara, ta sake aunawa bayan minti 15.

Alamun da za a lura da su su ne: zazzaɓi, rawar ɗari, ƙaiƙayi ko ƙuraje, ciwon baya ko ƙirji, sarƙewar numfashi, da fitsari ja ko baƙi. Da an ga ɗaya daga ciki, a tsayar da jinin nan take. A bar allurar a jijiya, a sa ruwan gishiri na asibiti da sabuwar roba, a kira likita. A sake duba suna, a aika da ledar ɗakin gwaji. Yara da tsofaffi suna bukatar ƙarin kula, domin jini in ya shiga da sauri yana yi wa zuciyarsu yawa.

Daga ƙarshe ta yi kira ga masu zaman jinya. Kada su taɓa robar don jinin ya yi saurin ƙarewa. In mara lafiya ya fara makyarkyata, kada su lulluɓe shi da bargo su yi shiru, su kira nas da gaggawa. In an taɓa sa masa jini ya ba shi wahala, su faɗa tun kafin a fara. Abin da ba su gane ba su tambaya, don matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.