Gwiwa: Ƙwaya ko Allura?

Ku leƙa masallatan GRA a nan Katsina, za ku ga dattawan da ke salla a kan kujera. Galibi gwiwa ce, guringuntsinta ya zaizaye.

Ƙwayoyi irin su diclofenac na kwantar da zogi, amma in aka daɗe ana sha, ciki da ƙoda ke biyan bashin, balle ga mai hawan jini. Allurar sitiroid cikin gaɓa kan ba da sauƙin makonni kawai. Wani bincike a Amurka a 2017 ma ya nuna yawaita ta na ƙara cinye guringuntsin. Tsirar allurai irin ta Sinawa kuwa, a 2022 hukumar lafiya ta NICE a Ingila ta ce kada a yi wa masu wannan ciwo. Ni dai, rage ƙiba da gashin ƙashi zan fara ba mai ciwon gwiwa shawara.