Bikin aure da itacen daji: lissafin da ake yi kafin a sa rana

Muna gaida manoma da makiyaya, maza da mata, musamman na ƙasar Dakoro, tun daga Kornaka da Sabon Mashi har Birnin Lalle da rugagen Kwarin Tarka. Zancenmu na yau a kan bikin aure yake. Ba sadaki ko lefe za mu taɓa ba, wannan mun bar wa iyaye da malamai. Abin da za mu duba shi ne abin da biki yake ci daga daji, da abin da yake bari a ƙasa bayan baƙi sun watse.

Kun san a karkara yawancin aure bayan kaka ake yin shi. Hatsi ya shiga rumbu, an sayar da wake, akwai ɗan abin hannu. To amma lokacin ne kuma sanyi yake sauka, kowane gida yana neman itacen jin ɗumi. Sai ga biki ya zo da manyan tukwane, kwana biyu ko uku wuta ba ta mutuwa: tuwo, shinkafa, dambu, ruwan zafi na wanka. Ga kuma ɗakin amarya, yana son dirka, yana son sanduna, yana son darni. Duk daga daji ɗaya za a ɗebo su. In gari ya yi aure goma a cikin wata biyu, ku da kanku kuna iya ganin inda gatari ya bi.

Dattawanmu sun ga fari na 1973 da na 1984, sun ga yadda ƙasa take zama in itatuwa sun ƙare. Saboda haka ne tun 1975 aka mai da ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa, kuma a 1984 aka yi babban taro na ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Wannan aikin gwamnati ne. Namu yana farawa daga bakin murhu.

Murhun duwatsu uku, in aka kafa shi a fili lokacin hunturu, iska ce take cin rabonta kafin tukunya ta samu nata. Harshen wuta yana fita ta ko'ina, mai tuƙa tuwo tana shan hayaƙi, ana ta ƙara itace. Murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi ya daɗe a ƙasarmu, maƙera sun san shi, amma ga tukunyar biki ya yi ƙarami. Abin da ya dace da ita shi ne murhun laka. Ga yadda ake yi. A kwaɓa yumɓu da ɗan roba ko ƙaiƙayi da kashin shanu, a bar shi ya kwana ya jiƙu. A aza tukunyar a kan duwatsunta uku, a gina laka kewaye da ita har wajen wuyanta, a bar tsakanin laka da tukunya kamar kaurin yatsa don hayaƙi ya samu hanya. A buɗe ƙofa guda ɗaya ta sa itace. Sai a cire tukunyar a bar ginin ya bushe. Kada a jira sai ranar sa lalle; a yi shi tun saura mako guda, domin ɗanyen murhu tsagewa yake yi. Ƙawayen uwar amarya suna iya gina uku a yamma ɗaya, ba a kashe ko dala ba.

Sauran dabarun mata sun fi ni saninsu: a faskara itace ya bushe, a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, in an sauke a kashe garwashi da ƙasa a aje shi don gobe. Mutanen cikin garin Dakoro masu hali suna iya aron tukunyar gas. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011 ana samun gas na ƙasarmu. Sai dai a nisanta shi da yara da zana.

Yanzu mu zo ga ruwa, inda nake son ku buɗe kunne. Ruwan leda ya zama ado a wajen biki, har ana ganin wanda ya ba baƙo ruwa a moɗa bai karrama shi ba. Mu yi lissafi tare. Wanda yake da kaye da alƙalami ya rubuta. A ce baƙi 300 ne, kowa ya sha leda 4 a yini. 300 sau 4, 1.200 ke nan. Biki kwana 3: 1.200 sau 3, leda 3.600. In ƙunshi ɗaya leda 20 ne, an sayi ƙunshi 180. Ku tambayi kuɗin ƙunshi a kasuwarku, ku ninka, ku ga jaka nawa ne. Ba mu ma ƙidaya baƙar ledar da ake ƙulla goro da alawa da abincin da ake aikawa gidaje ba.

Ina waɗannan ledoji 3.600 za su? Ba sa ruɓewa kamar ganye. Iska za ta ɗauke su ta rataye a kan aduwa da magarya, sauran su shiga juji, daga juji a kwashe su da taki zuwa gona. Wadda ta taɓa mai ko gishiri kuwa, akuya da saniya ba sa barin ta. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake fiddawa daga tumbi: dunƙulen leda. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, bai san cikinta ya toshe ba. A ƙasar da dukiyar mutane take tafiya da ƙafa huɗu, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Kuma akwai doka: tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta hana yi da shigowa da sayar da ledoji marasa kauri. Cewa har yanzu suna cike da kasuwa bai soke dokar ba.

Me za a yi? A wanke randuna da jarkoki, a cika su da ruwan famfo ko na rijiya mai tsabta, a rufe. A sa yaro ɗaya ko biyu su tsaya a kai, su riƙa zubawa da moɗa mai mariƙi, kada kowa ya tsoma hannu. Kofuna a wanke su da sabulu. A nan ba na son a yi wasa, don ba za mu gudu daga leda mu faɗa wa zawo ba. Inda babu ruwan da aka amince da shi, a sayi na ledar, amma a aje buhu kusa, duk wanda ya sha ya jefa ciki. Abincin gidaje kuwa a aika da shi a kwano, a rufe da faifai, kwano ya dawo, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Na san abin da wata uwa take faɗa a ranta yanzu: "Malam, kai ba ka san bakin mata ba. In na rage, za a ce na yi rowa a bikin ɗiyata." Gaskiyarki, Inna. Kin kai biki gidajen mutane shekara da shekaru, yau ranarki ce, ba wanda zai ce ki ji kunya. Shi ya sa wannan ba aikin mace ɗaya ba ne. Matan unguwa da suke adashi tare su zauna su yanke shawara: daga yau bikin kowacce a cikinmu da randa za a yi shi. Su haɗa kuɗi su sayi kofuna da manyan kwanoni na ƙungiya, duk mai biki ta ara. In liman da mai gari suka ƙara murya a wajen ɗaurin aure, magana ta zauna. Ba a ce a rage tuwo ba. Baƙo ya ƙoshi. Ragowa a ba almajirai da maƙwabta, ƙanzo a shanya wa dabbobi.

Sai ku samari masu shirin aure. Wasu suna cewa ango da amarya su dasa itace ranar biki. Niyya ce mai kyau, amma ni ban ga amfaninta a watan Janairu ba. Dashen rani a ƙasar Dakoro, inda guga yake tafiya mai nisa kafin ya taɓa ruwa, awaki da rana ne za su raba shi. In ana son dashe, a jira damina ta zauna, a sa dogon yaro ko zogale a cikin gida inda ruwan wanke-wanke zai kai gare shi.

Abin da ya fi tabbas yana cikin gonarka. Shi ne sassaben zamani, wanda wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi tun 1983. Kututturan da muke sarewa kowace shekara, saiwarsu tana da rai. Lokacin sassabe, ka zaɓi kututturen kalgo ko sabara ko ɗan gawo, ka bar tsiro biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, ka datse sauran da kaifin ƙarfe, ka ɗaura tsumma don kowa ya san da mai shi. Shekara mai zuwa ka sake rage rassa, abin da ka datse ya tafi murhu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Saurayin da ya fara bana, kafin ya gama tara sadaki yana da sandunan darnin amaryarsa, bai shiga dajin kowa ba, ba ya ɓuya in ya hangi ma'aikacin gandun daji.

Ga aikin wannan mako ga ƴan makarantar yaƙi da jahilci. Kowa ya ja layi uku a kayensa, ya rubuta: itace, ruwa, leda. Ku nemi gidan da aka yi biki kwanan nan, ku tambaya cikin ladabi: amalanke nawa na itace, ƙunshi nawa na ruwa, kuɗinsu nawa? Ku kai wa malaminku, ku tara lissafin garin gaba ɗaya a kan allo. Wanda ya gama, ya aiko mana da shi, za mu karanta a shiri na gaba. A huta lafiya.