FARGABA DA NEMAN LABARI: DARASI DAGA UMAR (RA)

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa matasa, idan fargaba ta shiga zuciya, kunne yakan buɗe, hankali kuma ya rufe. Mutum zai yi ta tambayar "me ake ciki?", amma ba ya tambayar "wa ya gani?"

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa akwai lokacin da mutanen Madina suke zaman ɗar-ɗar, don an ce Sarkin Gassan yana shirin kawo hari. Ana nan sai maƙwabcin Umar (RA), wani Ba'ansare, ya zo da dare ya buga masa ƙofa da ƙarfi. Umar yana fitowa ya tambaya ko Gassan ne suka iso. Kun gani? Abin da yake tsoro shi ya fara zuwa bakinsa. Maƙwabcin ya ce ai abin ya fi haka, wai Manzon Allah (SAW) ya saki matansa.

Da Umar ya isa masallaci ya tarar da mutane sun yi jugum, wasu na kuka, kowa ya karɓi maganar. Shi bai tsaya nan ba. Ya tambayi 'yarsa Hafsa, ta ce ba ta sani ba. Ya nemi izini har sau uku, ya shiga ya tambayi Manzo (SAW) da bakinsa. Ashe babu saki, ƙaurace musu ya yi na wata guda. Sannan ne Umar ya fito ya shelanta.

Mu fa? A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, cikin dare ɗaya saƙon wanka da ruwan gishiri da shan sa ya zagaye Nijeriya ta waya. Wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. Akasarin waɗanda suka yaɗa shi ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne da tausayin iyalai.

Saboda haka in labari ya tayar maka da hankali, ɗan'uwa, ka fara natsuwa, ka yi alwala. Sannan ka kai shi wajen wanda ya san asalinsa, kamar yadda aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta karantar da mu. In ba ka tabbatar ba, to ya tsaya a kanka. Ranar gobe kai za a tambaya.

Allah Ya ba mu natsuwa da tabbata. Wassalamu alaikum.