Yadda Iska Ke Tashi, Da Abin Da Take Gaya Wa Manomin Assakio

Kowane manomi na Assakio, a gabashin Lafiya ta Jihar Nasarawa, ya san shekara kashi biyu ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na zuwa daga arewa maso gabas da hazo da sanyi, leɓe ya tsage, rafi ya ƙafe. Daga wajen Afrilu zuwa Oktoba kuwa sai ta juyo daga kudu maso yamma, ɗauke da laima da ruwan sama. Wannan jawabi zai bayyana dalilin juyawar nan, domin a kanta shuka da girbi suka dogara.

Asalin iska daga rana yake. Rana ba ta dumama duniya daidai wa daida. Ƙasashen da ke kusa da ikwaita, watau layin da ya raba duniya biyu, sun fi samun zafi. Iskar da ta yi zafi takan yi sauƙi ta hau sama, kamar yadda hayaƙin murhu ke tashi. Inda ta bari kuwa sai nauyin iska ya ragu, wata iskar ta kwararo daga inda nauyin ya fi yawa don ta cike gurbin. Kwararowar nan ita ce abin da mutum ke ji a jikinsa ya ce iska na kaɗawa.

Iskar da ta hau sama takan rabu biyu, wata ta nufi arewa, wata kudu. Idan ta kai wajen digiri 30 daga ikwaita sai ta sauko a bushe, gama ta riga ta zubar da ruwanta tun tana hawa. A ƙarƙashin wannan saukowa hamadar Sahara take. Daga nan kuma sai ta koma wajen ikwaita ta ƙasa-ƙasa. Wani Bature na Ingila, George Hadley, ya yi bayanin wannan kewayawa a 1735.

Amma iskar ba ta tafiya sak, saboda duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, gudunta a kan ikwaita ya kai wajen kilomita 1,670 a sa'a guda. Juyawar takan karkatar da iska zuwa dama a arewacin ikwaita, zuwa hagu a kudancinsa. Ana kiran wannan karkata da sunan Coriolis, masanin Faransa da ya yi lissafinta a 1835. Shi ya sa hunturu ke isowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman ta kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Ita kuma iskar Tekun Atlantika da ta taso daga kudancin ikwaita, da zarar ta ƙetare layin sai ta karkata dama, ta shigo Nijeriya daga kudu maso yamma.

Akwai iyaka inda iskar nan biyu ke haɗuwa, iyakar kuwa tana bin rana. Cikin Janairu tana can kusa da gaɓar teku, hunturu ya rufe yawancin ƙasa. Daga nan sai ta riƙa hawa arewa, har cikin Agusta ta kai wajen digiri 20, can cikin Jamhuriyar Nijar. Lafiya tana wajen digiri 8 da rabi, Kano kuwa digiri 12, don haka damina ke riga sauka a Assakio, kuma ta fi daɗewa. A shekarun da ruwa ya gaza a arewa, kamar farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, an yi asarar amfanin gona da dabbobi masu yawan gaske.

To, ga abin lura. Iyakar nan ba ta hawa tiryan-tiryan; takan matsa gaba, ta ja da baya. Saboda haka ruwan farko na Maris ko farkon Afrilu ba shi ne zaman damina ba. Manomin da ya zuba irinsa duka na masara ko agushi a kan ruwa guda, idan busasshiyar iska ta dawo na mako biyu ko uku, sai tsiron ya ƙone, kuɗin iri da wahala su tafi a banza. Ya kamata a jira har iskar kudu ta zauna, ƙasa ta jiƙu sosai. Hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma iya tambayar malaman gona abin da ya ce game da yankin Lafiya.

Har ila yau, hadarin farkon damina yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfin da ke yaye jinka da kwano. Lalle maigida ya duba rufin ɗakinsa da na rumbunsa tun cikin bazara, ya kuma dasa itatuwa kewaye da gida don su karya ƙarfin iska. Da hunturu kuwa, sa'ad da ciyawa ta bushe, kada a cinna wa daji wuta, gama iska na iya kai ta rumbun doya ko tarin shinkafa cikin ƙiftawar ido. Wanda ya lura da inda iska ta fito, ya san lokacin shuka da lokacin tsaron abin da ya girbe.