Salangar da Tsoho Zai Shiga Shi Kaɗai

Mai girma magajin garin Ɗan Kassari, masu garuruwa, malamai, ma'aikatan likita, iyayena maza da mata, ina gaishe ku. Ku yi mini gafara, yau zancen makewayi zan yi a gaban manya.

An daɗe ana kira a daina fita daji, a gina salanga. Tsarin ATPC na tsaftar gari da jama'a ke jagoranta, wanda Kamal Kar ya fara a Bangaladash wajen shekara ta 2000, ya iso ƙauyukan Nijar, kuma mutane sun amsa. Sai dai magini matashi ne, da gwiwarsa yake awo. Shi ya tsuguna ya miƙe ba wahala, sai ya ce aiki ya yi. Ba wanda ya tambayi Inna mai sanyin ƙashi, ko Baba da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 ta fi ɗauka. Idan tsohuwa ta zame, ƙashin kwatangwalo ke yawan karyewa. Karayar hannu maɗori ya san ta. Wannan kuwa galibi sai aikin tiyata, sai a kama hanyar Dosso ko Yamai ko Galmi, a sayar da akuya da hatsin rumbu. Wadda ba a kai ba ta kwanta, gyambon kwanciya ya biyo, da wuya ta koma yadda take.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Dattijo ba zai gaya wa surukarsa cewa tashi daga tsuguno na gagararsa ba. Sai ya rage shan ruwa tun la'asar, har a zafin bazara, don kada fitsari ya tashe shi cikin dare. Ya faɗi ma, sai ya ce ba komai. Saboda haka kada ku jira ya yi magana. A tura jika, wanda ke wasa da kaka, ko tsaran dattijon, ya ji ta bakinsa. Burinmu ya shiga ya fito ba wanda ya ga tsiraicinsa.

To, me za a gyara? Fara da daɓe. Siminti mai sulɓi yana burge ido, amma ruwan sabulu ya zauna, gansakuka ta fito, ya zama tarko. A ja tsintsiya a kansa tun yana ɗanye, a karkata shi zuwa rariya. Sannan abin kamawa: itacen kirya, wanda gara ba ta cika ci ba, ko bututun ƙarfe daga wurin mai walda, a kafa shi da siminti daidai ƙugu. Darni da zana ba abin dafawa ba ne, tare za su faɗi. Wannan sanda ta fi amfani lokacin miƙewa, domin a nan jiri ke ɗibar tsoho, musamman mai shan maganin hawan jini.

Wanda tsuguno ya gagara, kafinta ya huda masa kujerar katako, ko a ɗora bulo a gefe biyu na ramin, tsayin gwiwarsa, wajen santimita 45. Wata kujerar a wurin wanka, bokiti da buta su kai hannu ba sai ya sunkuya ba. Ƙofa ta buɗe waje. In ta buɗe ciki kuma mutum ya faɗi a bayanta, jikinsa ne zai tokare ta.

Mai keken guragu yana son ƙofa mai faɗin santimita 90, ba dokin ƙofa, da gangara mai sauƙi: duk hawan santimita 10, tsawon mita ɗaya da santimita 20. Ga kuma yashinmu da ke riƙe taya, sai an daɓe hanyar da tsakuwa. Wanda shan inna ta bar shi yana rarrafe, ku tuna hannun da yake takawa da shi ne yake cin tuwo. Makaho kuwa igiya daga ɗakinsa zuwa makewayi ta wadatar, sai tudun sawu a kan rufin ramin da ƙafarsa za ta gane. Fitila mai cajin rana a rataye a hanya. Kafin damina a duba azarar da ke ɗauke da rufin ramin, don ruwa da gara daga ƙasa suke ci.

Ranka ya daɗe magajin gari, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Roƙona shi ne duk lokacin da aka tara magina horo, a koya musu waɗannan awo, kuma a zaunar da naƙasassu su gwada da kansu. A fara da salangar likita, da ta makaranta, da ta masallacin Juma'a.