Bashin da Ke Biyo Bayan Saki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta aure, ya halatta rabuwa, ya kuma sanya wa kowannensu iyaka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Mazanmu sun san lafazin saki. Sun san ɗaya, sun san biyu, sun san uku, har yaron da bai yi gemu ba ya iya lissafinsu. Waɗanda ke zuwa wurin malami su tambayi abin da ake bin su bayan sun furta kalmar kuwa, ƙalilan ne. A kan wannan bashi za mu tsaya a daren yau.

Mu fara da ɗaki. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da matar da aka saka daga mazauninta kafin iddarta ta cika. Amma me muke gani a unguwanninmu? A furta saki da hantsi, kafin la'asar an kira taksi an ɗaure kaya, mace ta nufi gidan iyayenta da goyo a baya. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawanmu muka tashi a cikinta, matar da aka yi wa saki na kome tana nan a matsayin mata: cinta da shanta da tufarta da wurin kwananta duk suna wuyan miji har ta ga tsarki uku, ko ta cika wata uku in ba ta jini, ko ta haihu in tana da ciki. In sakin ya yanke, ciyarwa ta faɗi, sai fa ga mai ciki, amma haƙƙin mazauni bai faɗi ba. Da yawanmu gidan haya muke zaune, to a sani kuɗin hayar watannin idda na mijin ne.

Sai sadaki, kuma a nan ɓarnar ta fi yawa. Sadaki dukiyar mace ce, ba ta ubanta ba, ba ta waliyyinta ba. Abin da ya rage ba a biya ba bashi ne. Ko da an rabu kafin tarewa, Suratul Baƙara ta bar mata rabin abin da aka ambata. A zamanin Janar Seyni Kountché hukuma ta ƙayyade sadakin budurwa a kan jika hamsin, wato sefa 50,000. Yau kowa ya san inda abin ya kai, kuma da kuɗin suka yi nauyi sai wasu maza suka koyi wata dabara. Mutum ya gaji da matarsa, amma ba ya son ya saka ya yi asara. Sai ya janye kuɗin cefane, ya ƙaurace wa ɗakinta, ya bi ta da zagi, wani har da duka, har ranar da za ta ce da bakinta a sallame ta. Nan take zai gyara zama ya ce, to, ai ke kika nema, a maido mini da kuɗina. Wani ma har da lissafin goro da kuɗin zance na shekarun baya.

Fansar kai, wato hul'i, halal ce. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ta zargi mijinta da aibu a addini ko a hali ba, zaman ne ta kasa, sai aka umurce ta ta mayar da gonar da ya ba ta. Wannan dabam ne da macen da aka ƙuntata wa da gangan, abin da Suratun Nisa'i ta hana ƙarara. Malamanmu na Malikiyya sun yanke cewa in ta tabbata cutarwa ce ta sa mace ta fanshi kanta, sakin ya auku, kuɗin kuma a maido mata. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an karɓi ko da shaidar ji a wannan babi, wato abin da ya bazu a bakin maƙwabta. Saboda haka maƙwabcin da ke jin kuka ta bayan katanga, in aka kira shi shaida ya ce ba ruwansa, ya taya azzalumi cin haram.

Kayan ɗakin da iyayenta suka kai ta da su, gado da katifa da kwanoni, da abin da ta saya da ribar sana'arta ko kuɗin adashinta, nata ne, ba a riƙe su garkuwa. An kuma so mai saki ya yi mata kyautar sallama gwargwadon ƙarfinsa.

Game da ƴaƴa, al'adar ƙasar nan ta saba cewa yaro in ya kai shekara bakwai sai ya koma wajen uba, har wasu na zaton hukuncin littafi ne. A fiƙihun Malikiyya reno na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan mijinta, matuƙar uwar ta cika sharuɗɗa kuma ba ta auri wanda yake bare ga yaron ba. Ciyarwa da tufatarwa da magani na uba ne duk inda yaron yake kwana, kuma mai shayarwa bayan saki yankakke tana da ladan shayarwarta. Uban da ya ƙwace yaro don gudun biyan kuɗin wata, ya jefa wa kishiya ko tsohuwar da ba ta iya kula da kanta, ya tambayi zuciyarsa don wa ya yi.

Yaya ake karɓar waɗannan haƙƙoƙi a nan Yamai? Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda. An gwada a farkon shekarun 1990, an sake gwadawa a 2011, duka bai yiwu ba. Dokar tsara kotuna ta 2004, da ta 2018 da ta maye gurbinta, sun bar aure da saki da gado a hannun al'adar masu shari'ar, alƙali yana zama tare da masana al'ada masu ba shi shawara. Kafin a kai can, akwai waliyyai da limamin unguwa da mai unguwa, akwai kuma Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda aka kafa a 1974, inda ake zaman sulhu tsakanin ma'aurata. In sulhu ya ƙi, kotun da'irarmu ta huɗu a buɗe take, kuma zuwa gaban alƙali neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne, iyaye su daina hana ƴaƴansu. Duk inda aka zauna, kada a tashi sai an rubuta ranar sakin da adadinsa, da abin da ya rage na sadaki, da kuɗin da uba zai riƙa bayarwa duk wata da hannun da zai karɓa, shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe takardarsa.

Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki hukuncin matar da mijinta ya tafi ci-rani Libiya ko Kwaddebuwa ya bar ta shekaru ba aike ba labari.