HIRAR SAMA: Ranar da madubina ya kunyata ni a Goronyo

 Yau labarin kunya zan ba ku, kuma kunyar tawa ce.

Ranar wani 29 ga Sha'aban na ɗauki madubin hangen nesa mai kwamfuta, irin wanda kake latsa rimot ya juya da kansa ya nemo maka tauraro, na tafi Goronyo duban wata. Yara sun kewaye ni, dattawa sun baro tabarma. Rana ta faɗi, na latsa "wata". Madubi ya yi gurnani, ya juya, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa! Wani dattijo ya ce, "Yaro, watan naka a rijiya ya faɗa?" Kafin in gano matsalar, lokaci ya wuce. Jinjirin wata ba ya jira, mintoci kaɗan yake yi bayan rana, ya bi ta.

Mi ya faru? Laifina ne. Na'urar nan makauniya ce mai ƙwaƙwalwa: ta haddace taswirar sama, amma ba ta san inda ka ajiye ta ba sai ka faɗa mata. To ga abin da take buƙata.

Na farko, kwanan wata. Da yawansu tsarin Amurka suke bi, wata kafin rana. Ka rubuta 10/03 kana nufin 10 ga Maris, ita ta ɗauka 3 ga Oktoba. Nan na faɗi. Shi kuwa wata, kullum yana gusawa kusan digiri 13 a tsakanin taurari, kuskuren kwana ɗaya ma ya isa ya ɓatar da kai.

Na biyu, agogo. Najeriya tana gaban agogon GMT da awa 1, kuma ba ma sauya agogo da bazara kamar Turai, don haka kashe wannan zaɓin. Sama tana juyawa digiri 15 a awa guda. Faɗin wata rabin digiri ne kawai. Ka ga ke nan minti biyu na kuskure ya kai faɗin wata guda.

Na uku, wuri. Wurno, Rabah da Goronyo duk suna kusan digiri 13 arewa, digiri 5 da rabi gabas. Gabas fa, ba yamma ba! Wayarka za ta ba ka lambobin daidai.

Sai aikin hannu. Kafa ƙafafun nan uku a ƙasa mai tauri, ba rairayin bakin gulbin Rima ba, ka aro ma'aunin magina ka tabbatar ba su karkace ba. Da rana, saita ɗan ƙaramin madubin da ke goye a sama: auna kan hasumiyar masallaci mai nisa, har babba da ƙarami su kalli abu ɗaya. Amma don Allah, kada ka taɓa juya shi wajen rana. Daƙiƙa kaɗan ta isa ta ƙone ido har abada.

Da dare, za ta nemi ka nuna mata taurari biyu masu haske, masu nisa da juna. A watan Fabrairu da Maris ina ɗaukar Sirius ta wajen kudu, da Capella ta wajen arewa. Kawo kowanne tsakiyar gilashi sosai kafin ka latsa. Kada ka wahalar da kanka kan tauraron arewa: a nan digiri 13 kawai yake sama da ƙasa, hazo da dogonyaro kan ɓoye shi, kuma irin madubin da ke juyawa sama-ƙasa da hagu-dama ba ya buƙatarsa.

Ga sirrin da na koya da latti: lokacin duban wata taurari ba su fito ba tukuna. Don haka yi saitinka daren jiya, sa na'urar a yanayin barci, ka lulluɓe ta saboda ƙura, kada kowa ya taɓa ƙafafun. Kuma a cikin gari, 'yan'uwa. Kowa ya san halin tsaron yankinmu, babu tauraron da ya kai ranka.

Kada wani ya ce maka wannan harkar ta Turawa ce. A 1824 Baturen nan Clapperton ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama a Sakkwato, ya tarar Sarki ya san buruji da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Yana nan kwance a Wurno, Allah Ya jiƙan sa.

Abu na ƙarshe: na'ura ba shaida ba ce. Ta tsaya ta ce "ga wata", idonka bai gani ba, to ba ka gani ba. In ka gani, kai wa hakimi ko mai gari, sanarwa kuma ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce. Kada ka riga fada a WhatsApp.

Bana zan koma Goronyo, in Allah Ya yarda. Ina bin dattijon nan bashin amsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.